Wutar Rana da Wutar NIGELEC a Gida Ɗaya: Makunnin Raba Layi Dole Ne?

Mai karatu, a watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Yankin Gaya, inda garin Bana yake, daga Kamba yake samun wuta, ta layi mai ƙarfin bolt 33,000. Tun wancan duhu mutane da dama suka ɗora farantin hasken rana a kan rufi, har wasu gidaje suka zama masu wuta biyu. To, shin wajibi ne a sa makunnin da zai raba wutar gida da layin NIGELEC, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce?

Ka fara sanin wannan: waya ba ta da gaba, ba ta da baya. Idan an ɗauke wuta alhali na'urarka tana haɗe da layi, wutar gidanka za ta fita waje ta bi fal-fal ɗin unguwa. Taransifomar da ke rage wuta mai ƙarfi zuwa bolt 220 ita ce kuma za ta ɗaga taka zuwa dubbai idan ta bi ta baya. Ma'aikaci ya hau fal da tunanin babu wuta a layin, ya kama waya. Rai ne wannan, kuma daga gidanka ajalin ya fito. Ban da haka, batirinka zai ƙare wajen haska gidajen maƙwabta, kuma in wutar kamfani ta dawo kwatsam ta yi karo da taka, na'urar na iya ƙonewa.

A Amurka an yi doguwar muhawara a kan wannan makunni. Can, inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti ta zama irin wadda ake amfani da ita a gida, dole ne ta kashe kanta cikin daƙiƙa 2 da ɗaukewar wutar kamfani. Saboda haka a 2008 cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa ta gwamnatin ƙasar ta fitar da rahoto cewa ƙananan gidaje masu irin wannan inbata ba su da bukatar ƙarin makunni a waje. Wasu kamfanonin wuta na jihar Kalifoniya sun riga sun daina tilasta shi. Hujjarsu tana da ƙarfi.

Amma kada ka ɗauki hukuncin Kalifoniya ka kawo Gaya. Yawancinsu sun sa faranti ne don rage kuɗin wuta. In aka ɗauke, su ma duhu suke shiga. Kai kuwa ka saya ne don fanka ta ci gaba da juyawa lokacin da layi ya mutu. Ke nan na'urarka tana da batir, tana kuma ba da wuta a daidai lokacin da ma'aikaci ke kan fal. Gaskiya ne, inbata mai kyau tana raba layin da kanta a cikinta. Sai dai nawa ne daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ke zuwa da takardar shaidar gwaji? Wa kuma ya duba yadda aka ɗaura wayoyin? Mafi muni shi ne mai sa wayar inbata kai tsaye a soket ɗin bango don ta haska gida duka. Wannan dabara ce ta kisa, ko da mai ita bai sani ba.

A ganina, a wurinmu makunnin dole ne. Nemi mai matsayi uku: NIGELEC, kashe, rana. Irin wannan ba ya barin wuta biyu su haɗu ko an yi mantuwa. A kafa shi kusa da mita, inda ido zai gani, hannu zai kai, a rubuta a jikinsa cewa gidan yana da wutar rana. A kuma sanar da ofishin NIGELEC kafin a haɗa.

Idan gidanka ba shi da layin kamfani sam, wannan makunni bai shafe ka ba. Fis tsakanin batir da inbata kake bukata.

Kafin ka biya mai aiki, ku yi gwaji da rana tsaka. A kashe babban makunnin mita, a bar inbata tana aiki, shi kuma ya auna wayar da ke zuwa mita daga gida. In ma'auninsa bai nuna sifiri ba, aikin bai ƙare ba.