Shekarun Ƙwallo da Shekarun Haihuwa

 

A makon da ya shige wani ɗalibin Jami'ar Gana da ke Legon, ɗan unguwarmu ta Nima, ya sallama mana bayan sallar isha'i. Tun yana riƙe da allo a zauren mahaifinmu muka san shi. Yanzu shekarunsa 22, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Kawukudi da la'asar ya san ƙafarsa ta hagu. Ya zauna ya ce: "Yaya, an ce in rage shekara biyar."

Wani dillalin 'yan wasa ne ya ga wasansa, ya yi masa alkawarin gwaji a Turai, bisa sharaɗin a yi masa sabuwar takardar haihuwa da sabon fasfo, ya koma ɗan 17. Wannan shi ne abin da mutanen gari ke kira shekarun ƙwallo, har ana faɗinsa da dariya. Yaron ya ƙi. Kawunsa ya kira shi wawa, mahaifiyarsa kuwa, wadda ke tashi tun kafin asuba ta dama koko don kuɗin makarantarsa, ta yi shiru, kuma shirun nan ne ya fi damunsa.

Za mu faɗi gaskiya: da farko zuciyarmu ta ɗan karkata wajen kawun. Mun san ɗakin da suke haya, mun san kuɗin da ake bin su. Mun kuma san abin da ƙwallo ta yi wa wasu 'ya'yan zango. Mohammed Polo, wanda dattawanmu ba su gajiya da labarin yankansa a Hearts of Oak, yana cikin waɗanda suka ci wa Gana kofin Afirka a 1978. Mohammed Kudus ya tashi daga lungunan nan, ya shiga makarantar Right to Dream, ya tafi Nordsjaelland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, sannan Tottenham a 2025. Ranar da ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, Nima da Maamobi ba su yi barci da wuri ba. Wane uba ne zai ga haka bai yi wa ɗansa sha'awa ba?

Sai muka tambaye shi dalilinsa. Ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihu, inda ya rubuta wa kansa ƙa'idoji tun shekararsa ta farko a jami'a: ba zai yi cacar ƙwallo a waya ba, ba zai faɗi da gangan don a ba shi bugun daga kai sai mai tsaron gida ba, ba zai bar salla ta wuce saboda wasa ba, ba zai sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce ba. Muka yi murmushi, domin mu ma mun yi irin wannan rubutu a zamanin sakandare, kuma Allah kaɗai Ya san nawa muka cika.

Amma hujjar da ya kawo ta kashe mana baki. Ya tuna mana daren 2 ga Yuli, 2010, a Johannesbag, lokacin yana ɗan shekara bakwai. A mintin ƙarshe na ƙarin lokaci Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo ta nufi raga, Luis Suarez na Yurugwai ya tare ta da hannu. Aka ba shi jan kati, Asamoah Gyan ya buga ta daki ƙarfen sama, daga nan aka fitar da Gana, wadda da ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ya ce: "Yaya, a daren nan har kawu ya yi kuka, ya ce an cuce mu. To shi Suarez a gaban duniya ya yi nasa, kuma ya karɓi hukuncinsa nan take. Ni kuwa a ɓoye ake so in yi, kuma wanda zan cuta yaro ne ɗan 17 na gaskiya, wataƙila ɗan Maamobi, wanda zan ture da ƙarfin ƙashina in gaje gurbinsa. Ba zai ma san wanda ya zalunce shi ba."

Wannan magana ita ce muka ga ya dace mu kawo wa iyaye. Mukan ɗauki ƙaryar shekaru tamkar dabara ce tsakanin talaka da takarda, babu wanda ta taɓa. Alhali kowane gurbi da aka samu da ƙarya, akwai mai shi da aka hana. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 a Nijeriya, hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gano waɗanda suka wuce shekaru. A 2022 hukumar ƙwallon Afirka ta dakatar da ƙungiyar 'yan matan Gana 'yan ƙasa da 17 a kan batun shekaru. Kafin nan, a watan Yuni na 2018, ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fito da fim ɗin Number 12, inda aka ga alƙalan wasa da jami'ai suna karɓar kuɗi. Gasar ƙasa ta tsaya cik har zuwa Disamban 2019. Waɗanda suka fi shan wahalar wannan tsaiko su ne ƙananan 'yan wasa da ba su karɓi ko sisi ba. Ɓarna irin wannan da kaɗan-kaɗan take farawa, da kalmar nan ta "ai kowa ma yana yi".

Ba za mu yaudari kowa ba: mai yiwuwa ne yaron nan ba zai taɓa taka fili a Turai ba. A shekara 22 ƙofa ta soma rufuwa, kuma shi ma ya sani. Riƙon gaskiya ba ya zuwa da takardar alkawarin arziki. Abin da ya rage a hannunsa shi ne karatunsa, da sunansa, da ranar haihuwar da liman ya raɗa masa suna mako guda bayanta a gaban shaidu. Ya ce yana son ƙwallo ne saboda a fili ɗan mai kuɗi da ɗan mai koko doka ɗaya ke kansu; idan ya shiga da ƙarya, ya kashe abin da yake so da hannunsa.

Manya sukan kira irin wannan tunani ƙuruciya, su ce duniya za ta koya masa. To amma mu ne muka kai shi makarantar allo, mu ne muka karantar da shi cewa algus haram ne ko a mudun hatsi. Ba daidai ba ne ranar da ya ɗauki karatun da gaske mu zama farkon masu yi masa dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya miƙe da kansa, laifi ne a karya shi.

Washegari mun je mun gaida mahaifiyarsa. Ta ce abin da ya sa ta yi shiru, tsoro take kada ya ƙi don kunyar mutane, daga baya ya yi da-na-sani ya ɗora mata. Da ta ji daga zuciyarsa ne, sai ta sa masa albarka. Kawun dai har yanzu bai sauko ba, muna kuma binsa a hankali.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ciyar da su daga halal, Ya ba mu ƙarfin tsaya musu idan sun tsaya a kan gaskiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.