Kada ka goge aikinka, karanta kuskuren tukuna

Masu koyon Laravel a nan Nassarawa GRA, mu daina goge aiki don rumbun bayanai ya ƙi haɗuwa. Asarar data ce kawai. Tun Laravel 11 na Maris 2024, sabon aiki da SQLite yake zuwa, alhali tsofaffin darussan YouTube MySQL suke koyarwa. Buɗe fayil ɗin .env, mayar da DB_CONNECTION zuwa mysql, cire alamar # a layukan ƙasansa, ka tabbata DB_PORT 3306 ne kuma MySQL na kunne. In ya ƙi, buga php artisan config:clear. Ka saba da karanta saƙon kuskure tun yanzu, domin ranar da shafin kwastoma ya tsaya, ba ka da damar sakewa daga farko.