ZARE: Masu dariyar renon marayun giwaye, ku matso mu yi magana

1/
Jiya na tura wani bidiyo a gurup ɗin ajinmu na WhatsApp: wani mutum a Kenya sanye da koriyar riga yana ba 'yar giwa madara da ƙatuwar kwalba. Kafin minti biyar an yi min caa. Wani ya ce "Allah Ya raba mu da rashin aikin yi." Wata ta ce "mutane na kwana da yunwa ana shayar da dabba." Na yi shiru don muna lakca. Yanzu na dawo ɗaki. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/
Mu fara da inda ba mu da saɓani. Mutum ya fi giwa daraja, ban taɓa cewa a'a ba. Ni ma garau-garau na ci na kwanta jiya, kuɗin da aka turo min daga gida kuwa tun ran 12 ga wata suka ce ga garinku nan. Ba sai wani ya karanta min tsadar rayuwa ba.

3/
Amma ku amsa min wannan: in an zubar da madarar kwalbar nan yau, wane yaro ne zai ƙoshi a unguwarku? Kuɗin nan masu ba da gudunmawa ne suka tara don wannan aikin. Ba daga kason ƙaramar hukumarku aka yanko su ba. Wanda ya cinye wancan kason kun san shi, kun san gidansa, ba ku taɓa yi masa caa a gurup ba. An bar jaki ana dukan taiki.

4/
Sannan wa ya mayar da ita marainiya? Giwa wata 22 take ɗauke da ciki. Ta haifi ɗa mai nauyin kilo 100 ko fiye, ta shayar da shi shekaru, ga 'yan'uwanta mata suna taya ta reno. Irin wannan uwar ba haka kawai take tafiya ta bar ɗanta ba. In ka ga ɗan giwa shi kaɗai a daji, wani abu ya faru, kuma sau da yawa da hannun ɗan Adam a ciki.

5/
Ko an harbe uwar an sare haurenta. Ko an soke ta da mashi don ta shiga gona. Ko ɗan ya faɗa rijiyar da mutane suka haƙa, garken ya yi ta ƙoƙari ya gaji ya tafi. Ko fari ya kashe uwar saboda an tare hanyoyin da suka saba bi zuwa ruwa.

6/
Ga lissafi, kar ku ce tausayi ne kawai ke ɗibana. An yi babbar ƙidayar giwaye ta jirgin sama a ƙasashen Afirka 18, aka fitar da sakamakon a 2016. Tsakanin 2007 da 2014 kaɗai, giwayen fili sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Giwaye kusan 144,000 a shekara bakwai. Duk wadda aka kashe tana shayarwa, an bar maraya.

7/
To wanda ya ɗauki marayan da mu mutane muka yi, yana ƙoƙarin mayar da shi inda muka raba shi da shi, shi ne marar aikin yi? Haba jama'a. Ɓarnar da wasu suka yi yake gyarawa fa.

8/
Kuma masu ganin wasa ne, bari in faɗa muku yadda aikin yake. Jaririn giwa ba ya shan madarar saniya, kitsen cikinta ba ya narke masa, gudawa ce za ta kashe shi. Shekaru da dama duk jaririn da aka tsinto mutuwa yake yi. Wata mata haifaffiyar Kenya, Daphne Sheldrick, ta yi kusan shekara 28 tana gwaji kafin ta dace da haɗin da ya yi: madarar jarirai da man kwakwa.

9/
Jaririyar farko da ta fara rayuwa da wannan haɗin, a shekarun 1970, kun san sunanta? Aisha. Ta yi wata shida lafiya lau. Sai Daphne ta yi tafiya don hidimar bikin 'yarta, ta bar ta da wasu. Aisha ta ƙi cin komai. Kafin a ankara ta rafke, ta mutu. Madara akwai, wadda ta shaƙu da ita ce babu.

10/
Daga nan aka koyi darasi. A gidan renon cibiyar Sheldrick da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1977, masu reno juyawa suke yi don kada jariri ya rataya ransa kan mutum ɗaya. Kowane dare akwai mai kwana a ɗaki ɗaya da shi. Madara duk bayan awa 3, dare da rana. Ku lissafa sau nawa mutum zai farka kafin asuba.

11/
Da sanyi a lulluɓe shi da bargo, don ciwon haƙarƙari na kashe su da wuri. Da rana a riƙe masa lema, a shafa masa mai a kunne, saboda a daji inuwar cikin uwarsa ce rumfarsa. Wasu jariran ma ba sa karɓar kwalba sai an rataya bargo sun jingina hancinsu da shi, kamar jikin uwa.

12/
Ni da nake kasa tashi lakcar ƙarfe 8, wallahi ban isa in kira mai wannan aikin malalaci ba. Kai ma da ka rubuta "rashin aikin yi" kana kwance kana cin data, ka taɓa zuciyarka.

13/
Wani ya tambaya a gurup, kuma tambayar mai kyau ce: "To in ta girma sai me? A yi ta ajiye ta ana kallo?" A'a. Nan ne ma abin ya bambanta da gidan zu. Manufar tun ranar farko ita ce ta koma daji ta manta da kwalba.

14/
In ta ɗan tasa sai a kai ta dajin Tsavo, a wurare kamar Voi da Ithumba. Da safe su fita kiwo da masu reno, su haɗu da giwayen daji, su koyi inda ruwa yake da abin da ake ci da wanda ake gudu. Da yamma su dawo. Ba a korar kowa. Wata rana dai sai ta ƙi dawowa. Abin kan ɗauki har shekara goma.

15/
Cibiyar nan ta raya marayu sama da 300. Gommai daga cikin 'ya'yan da ke yawo a Tsavo yau, iyayensu da kwalba aka raine su. Kuma an sha gani: tsohuwar marainiya ta haihu a daji, ta taso da jaririnta har wurin mutanen da suka raine ta, ta tsaya su gani, ta juya. Ni dai wannan ya kashe min jiki.

16/
Me ya sa ake wannan dogon zagaye, ba a kwashe su a zuba a daji kawai ba? An taɓa gwadawa. A Afirka ta Kudu an rage giwayen gandun Kruger ta hanyar harbe manya, aka kwashi ƙananan zuwa gandun Pilanesberg, ba uwa ba uba. Da mazan suka balaga sai suka haukace. A shekarun 1990 sun kashe karkanda fiye da 40.

17/
Maganin? A 1998 aka kawo manyan mazan giwaye shida daga Kruger aka sake su a cikinsu. Samarin suka shiga taitayinsu, kisan ya tsaya. Giwa ma sai da tarbiyya. Mu da muke ganin abin da tashi ba babba a gaba ke haifarwa a titunanmu, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

18/
Saura masu cewa "harkar Turawa ce." Ku nemi labarin Reteti a arewacin Kenya. An buɗe ta a 2016, kuma mallakar al'ummar Samburu ce, makiyaya masu awaki da shanu da raƙuma kamar namu. Su ne masu reno, har da mata. In ɗan giwa ya faɗa rijiyarsu, sukan fito da shi su jira ko uwarsa za ta dawo. Sai in ba ta zo ba ake ɗaukarsa.

19/
Lokacin korona madarar gwangwani ta yi wuyar samu, sai suka gwada nonon akuya. Ya karɓi jariran. Yanzu ɗaruruwan matan Samburu ne ke tatsar awakinsu suna sayar wa wurin, kuɗi na shiga hannunsu kai tsaye. 'Yar'uwa mai cewa "mutane na yunwa", ga kwalbar da kike zagi tana sa tukunya a wuta a gidan wata mata.

20/
Yanzu bari in juyo kan nawa ɓangaren, don ba zan yi muku ƙarya ba. Kawuna yana noma a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Alƙaleri, dab da Yankari. Wata shekara, saura kwanaki a karya masara, giwaye suka shiga gonarsa da dare. Babbar giwa kan ci kusan kilo 150 a rana, ga abin da ta tattake. Da gari ya waye sai kara.

21/
Ba wanda ya zo ya ce masa sannu, balle diyya. A shekarar sai da ya sayar da akuyoyinsa ya sayi hatsi. In na nuna masa bidiyon 'yar giwa da bargo, ba zai ce "wayyo" ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Duk mai son giwa daga cikin gari da ba ya tuna irin su kawu, son nasa na waya ne.

22/
Amma ko nan akwai dabara. Giwa na tsoron zuma, don tana harbinta a cikin hanci da gefen ido. Wata mai bincike, Lucy King, ta gwada a Kenya: a rataya amya a jere kewaye da gona, a haɗa su da waya. Giwa ta taɓa wayar, amya ta girgiza, zuma ta fito, giwa ta arce. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya ƙaru da zumar sayarwa. Mu da kakanninmu suka iya ɗaura amya, me ya hana?

23/
Masu tura alamar zuciya a ƙarƙashin bidiyo, ku ma ku ji: gidan marayu ɗaurin rauni ne. Kowane jariri da kuka gani a can, akwai wasu da ba a tsinta ba, kuraye suka riga masu ceto. Kuma ba duk wanda aka ceto ke rayuwa ba. Babban aikin shi ne uwar ta rayu tun farko.

24/
Ku dubi Zakuma a Cadi, maƙwabtanmu. A farkon shekarun 2000 giwayenta sun haura 4,000. Zuwa 2010 saura kusan 450, mahaya dawakai da bindigogi sun gama da su. Tsabar gudu da firgici, giwayen har haihuwa suka kusan dainawa. Sai da aka gyara tsaro sannan aka sake ganin jarirai a garken.

25/
Kuma da jini aka biya. A watan Satumba na 2012 mafarauta suka faɗa wa masu gadin dajin suna sallar asuba, aka rasa mutum shida. Suna kan sallah fa. Suna da mata da 'ya'ya. Wanda ya harbi giwa don haure, marayu iri biyu yake bari. In da gaske rayuwar mutum ce ta dame ku, a wannan gefen ya kamata ku tsaya.

26/
Mu kuma fa? Giwayen Najeriya duka 'yan ɗaruruwa suka rage. Na Yankari, waɗanda suna cikin mafi yawan da muke da su, ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. Ɗaliban ajinmu na shekarar farko sun fi su yawa.

27/
Amma a safarar haure mun yi suna. Ana kwaso shi daga wasu ƙasashe, a bi da shi ta tashoshin ruwanmu zuwa Asiya. A watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kusan tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja. Wannan wanda aka kama ke nan. Ta yiwu uwar wata marainiya da ake shayarwa a wata ƙasa, haurenta ta ƙasarmu ya wuce. Sai kuma mu zo muna dariya.

28/
Abin da ya fi ba ni haushi: mun fi kowa kirari da giwa. Jarumi toron giwa ne, mace ta isa a ce giwar mata, har gari muke da shi mai suna Giwa a Kaduna. Tun muna allo muka haddace Suratul Fil. An ce giwa a garin wani zomo ce. Tamu a garinta ta zama zomo.

29/
Kuma tun a Islamiyya aka karantar da mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da aka azabtar don ta kulle kyanwa. Ba a ce mana sai an gama ciyar da duk mutanen duniya sannan za a ji ƙan dabba ba. Tausayi ba buhun shinkafa ba ne da zai ƙare in an ɗiba wa wani.

30/
Ban ce kowa ya tura kuɗi Kenya ba, mu da muke neman na kati. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ka sayi carbi ko awarwaro ko sandar da aka ce da hauren giwa aka yi. In an kashe giwa ana yaɗa hoton ana murna, kada ka taya yaɗawa. In ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, musamman 'yan Bauchi, ku tambaye shi albashin masu gadin Yankari da diyyar manoman gefenta.

31/
Da muka je Yankari yawon buɗe ido daga makaranta, mun yi wanka a Wikki, birai sun sace mana biredi, mun zaga daji a mota awa biyu. Giwa ko ɗaya ban gani ba. Kashinta kawai na gani, da sawunta a laka. Na sa ƙafata a ciki da takalmi, ko rabi ban cika ba. Ina so in koma in ga mai sawun, kuma in na haihu in kai yarona ya same ta tana nan.

32/
Na gama. Wanda ya ce "rashin aikin yi", na san kana karantawa, gobe kai za ka saya min shayi. Mai ja ya zo da hujja, zagi kuma ba na amsawa. Ina da gwaji da safe, sai anjima.