Bindiga a ƙugu, hannun dama a ɗaure

Tun daga shekarar 2019, da dubban ƴan gudun hijira suka kwararo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, maganar ƴan bindiga ta zama abin tattaunawa a rumfunan kasuwa da ofisoshi. A yankunan Madarunfa da Gidan Runji an sace shanu, an kama mutane don neman kuɗin fansa. Wannan ya sa wasu ƴan kasuwa masu tafiya da kuɗi suka soma tunanin ƙaramar bindiga. To, ga tambayar wannan mako: mutumin da ke da bindiga bisa izini, ya faɗi a kan babur, hannunsa na dama ya karye, ya dace ya mayar da ita ɓangaren hagu ya ci gaba da yawo da ita? Amsarmu ita ce a'a, kuma ga dalilai.

Kusan mutum tara cikin goma da dama suke aiki. A ƙasarmu lamarin ya zarce haka, don da dama muke ci, da ita muke gaisawa, da ita muke miƙa kuɗi, yaron da ya tashi bahago ma sai an yi ta kwaɓarsa. Saboda haka hannun hagu na yawancinmu bai taɓa koyon aiki mai wuya ba. Wanda ke shakka ya ɗauki biro da hagu ya sa hannu a takarda, ya ga abin da zai fito. Hannun da ya kasa rubuta sunan mai shi, yaya za a damƙa masa ran mutum?

Ita kanta bindigar, akasari don na-dama aka ƙera ta. Makullin da ke hana ta tashi yana wajen da babban yatsan dama zai kai, kubenta ma haka aka ɗinka shi. Irin wadda ake ja wa baya kafin harsashi ya shiga tana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja. In riƙon ya yi sako-sako tana iya cijewa bayan harbi ɗaya, kuma gyaranta aikin hannu biyu ne. Hausawa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga kuma tsoro, wanda ke sa zuciya bugawa da yatsu rawa ko ga mai lafiya. Harsashin da ya kauce ba ya komawa cikin bindiga. A tasha ko a kasuwa, jikin wani bawan Allah zai samu.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƴan koyo ce kawai. Ranar 11 ga watan Afrilu na 1986, a yankin Miyami na ƙasar Amurka, jami'an hukumar FBI takwas suka yi musayar wuta da ƴan fashin banki biyu. An kashe jami'i biyu, an raunata biyar. Ɗaya daga cikinsu, Gordon McNeill, harsashi ya same shi a hannun dama, ya kasa sake ɗura bindigarsa. Waɗannan mutane ne da harbi ke cikin aikinsu, suna da horo na shekaru. Ina ga ɗan kasuwar da bai yi harbi goma ba a rayuwarsa?

Akwai wani haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba. Mai hannu a rataye a wuya kowa na ganin rauninsa daga nesa. In aka rungume shi ta baya, ba shi da hannun da zai kare ƙugunsa. Ga ɗan fashi kuwa, bindiga dukiya ce da ta fi jakar kuɗi daraja. Ke nan makamin da aka saya don tsaro shi zai jawo farmaki, daga nan ya shiga daji ya ƙara wa ɓarayi ƙarfi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, kan mutanen da aka kai wa hari a birnin Filadelfiya, ya nuna masu ɗauke da bindiga sun fi marasa ita haɗarin a harbe su har ninki huɗu da wani abu. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma darasin ya isa a yi tunani.

Sai maganar jinya. Karayar hannu ga babban mutum takan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin ƙashi ya haɗe, ko a asibiti aka sa filasta ko wajen maɗori aka je. Bayan an kwance, ƙarfin riƙo ba ya dawowa sai an yi watanni ana motsa hannun. A cikin wannan lokaci mutane da yawa na shan maganin kashe zafi irin su taramadol, mai kawo gyangyaɗi da jiri, ya rage saurin tunani. Wanda likita ya hana shi tuƙin mota saboda magani, babu hujjar da za ta ba shi damar riƙe bindiga.

Doka ma ba ta san uzurin karaya ba. A Nijar mallakar bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma izinin na wanda aka rubuta sunansa ne shi kaɗai. Maigidan da ya ce wa yaron shagonsa ko direbansa "riƙe mini kafin in warke" ya jefa kansa da yaron cikin laifi. Kare kai da shari'a ta yarda da shi yana da sharaɗi: harin ya kasance yana faruwa a lokacin, martanin kuma kada ya wuce girman harin. Wanda ya harbi mai wucewa bisa kuskure, gaban alƙali zai tsaya, hannun hagu ba zai zame masa lauya ba. Mu tuna kuma ƙasar nan ta sha wahalar tattara makamai. A 1994 aka kafa hukumar CNCCAI don karɓar bindigogin da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, kuma ranar 25 ga Satumba na 2000 aka ƙone fiye da dubu a Agadas, a bikin wutar zaman lafiya. Duk bindigar da aka ƙwace daga hannun majinyaci koma baya ce ga wannan aiki.

To, mene ne abin yi? A cire harsasai, a kulle bindiga a wuri ɗaya, harsasai a wani wurin, inda yara ba su kaiwa. Ma'aikacin da ke riƙe da bindigar aiki, na duwan ne ko na gandun daji, ya sanar da shugabansa, ya mayar da ita ma'ajiya har likita ya sallame shi. Ɗan kasuwa ya daina cusa miliyoyin sefa a aljihun babbar riga. Ga banki, ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. A yi tafiya da rana, cikin ayari, kada a shelanta ranar tashi a majalisa. In tafiyar ba dole ba ce a wakilta amintacce. In an ga abin da ba a yarda da shi ba a gaya wa jandarmomi, ko a kira ƴan sanda a lamba 17. Idan kuwa ƙaddara ta sa aka tare mutum, ya ba da abin da ke hannunsa, don dukiya ana sake nemanta, rai kuwa ɗaya ne.

Mun san abin da ke hana wasu ajiyewa: kada a ce Alhaji ya ji tsoro. Amma wata uku na haƙuri ba su rage wa namiji komai, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare matafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.