Kwasar labarai da na'ura: A nemi izini kafin a ɗiba

Duk lokacin da wani shafin labaran fasaha ya wallafa rahoto, ba mutane kaɗai ke buɗe shi ba. Akwai burauzar da ba ta nuna komai a allo, wadda ake sarrafawa da manhajoji irin su Puppeteer na Google ko Playwright na Microsoft. Takan buɗe shafi kamar kowane mai karatu, ta jira rubutu ya bayyana, ta kwashe, ta wuce na gaba. Babu idon da ya ga tallar da shafin ke ci da ita.

Masu bincike da masu adana tarihi na amfana da wannan dabara, ba mu musa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne izini. Tun 1994 shafuka ke amfani da fayil ɗin robots.txt wajen bayyana inda aka yarda na'ura ta shiga. Sai dai roƙo ne kawai, ba kwaɗo ba; wanda ya ga dama ya tsallake.

Rigimar ta kai kotu. A Disambar 2023 jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft ƙara kan amfani da labaranta wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. A Yulin wannan shekarar kuwa, kamfanin dillancin labarai na AP yarjejeniya ya ƙulla da OpenAI.

Mu dai muna ganin hanyar yarjejeniya ita ce mafita: a nemi izini, a ambaci mai labari, a biya idan don riba ne. Ɗan jarida kan yi kwanaki yana bin diddigin labari guda. In kowa na ɗibar ruwa babu mai yasar rijiya, wata rana guga zai dawo da laka.