SHARHI: A ba murya hanya tun ba a sayi sabuwar hanya ba

Maganarmu ta yau bisa tarho take. Tarhon dā yana da igiyarsa ta kansa tun daga gidan waya har cikin biro, ba mai tarayya da shi. Na yanzu kuwa, a ma'aikatu masu yawa da cikin salular kowa, muryarsa tana bin hanyar da takardu da hotuna da bidiyo suke bi, wato hanyar kwamfuta da intanet. An samu rahusa, wannan ba gardama. Amma kowa ya san abin da ya biyo baya: magana tana tsinkewa, wannan ya ce «alo», wancan ya ce «ba na jin ka». Daga nan sai a ce rezo ne ba ya da kyau, a rubuta takardar neman kuɗi domin a sayi hanya mai faɗi. A ganinmu, sau da yawa faɗin hanya bai gaza ba. Tsarin layi ne babu.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da mutum yake magana, na'ura tana yanka muryarsa gutsure-gutsure, ta ɗaure kowane gutsure cikin ƙunshi, ta rubuta masa inda za shi. Bisa al'ada, ƙunshi 50 ne ke fita cikin sakan guda, kowane yana ɗauke da maganar milisakan 20. Milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kira guda, ko da irin tsohon ma'auni mai suna G.711 wanda ba ya matse murya, bai kai kilobit 100 cikin sakan ba. Ashe murya ba ta da ci. Abin da ba ta da shi haƙuri ne.

Takarda in ta makara da sakan biyu, ba wanda zai sani. In wani ƙunshinta ya ɓace a hanya, kwamfuta za ta ce a sake aiko shi. Murya ba ta da wannan dama, domin kalmar da ta iso bayan lokacinta ba ta da sauran amfani. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, cikin shawararta mai lamba G.114, ta nuna cewa in tafiyar murya daga baki zuwa kunne ba ta wuce milisakan 150 ba, hira tana gudana lami lafiya. Masana sun ƙara da cewa kada ɓatan ƙunshi ya wuce ɗaya cikin ɗari, kada kuma tazarar isowarsu ta riƙa hawa da sauka fiye da milisakan 30, domin wannan hawa da sauka shi ke sa murya rawa.

To, mu yi lissafi. A ce hanyar da biro yake aikawa da saƙo waje tana ɗaukar megabit ɗaya cikin sakan. Babban ƙunshi na hoto, mai bayit 1500, yana cin milisakan 12 kafin ya fita ƙofa. In irinsa 20 suka riga murya shiga layi, sai ta jira milisakan 240 tun ba ta bar ɗaki ba. Sakatare ɗaya da ke aika hotunan taro ya isa ya ɓata kiran ma'aikata duka, shi kuwa ba ya da laifi, aikinsa yake yi. Laifin na akwatin raba hanya ne, wanda ma'aikatan waya ke kira rutar, domin in ba a faɗa masa komi ba, wanda ya riga zuwa shi yake saki. Kamar a tsai da motar ɗaukar marasa lafiya ne bayan manyan motocin albasar Galmi a shingen duwan, a ce ta jira layinta.

Maganin wannan shi ne abin da ake kira da Faransanci «qualité de service», ana taƙaita shi da haruffa QoS. Mu ce masa tsarin fifiko. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarar 1998 aka tsai da ƙa'idar buga wa kowane ƙunshi hatimi mai nuna matsayinsa, kuma hatimin murya shi ne lamba 46. In rutar ya ga wannan lamba, sai ya sa ƙunshin cikin layi na musamman, ya sake shi kafin kowa. Hoton taro zai makara da ɗan abin da ba mai lura. Rutar masu yawa suna da wannan gyara cikinsu, an biya kuɗinsa tun ranar saye, sai dai ba a kunna shi ba. Wasu sababbi ma suna da dabarar da ta fito a 2012, mai hana layi tsawo, tana ba mai ƙaramin kaya dama ya wuce ko ba hatimi.

Amma a nan akwai wurin da halinmu na mutane yake shigowa. Fifiko yana da amfani ne in kaɗan ne ke da shi. In darakta ya ce a buga wa kwamfutarsa hatimi, mataimakinsa ya ce shi ma, mai ajiyar kuɗi ya ce ai nasa aiki ya fi na kowa, to an koma gidan jiya, kowa na gaba, ba mai wucewa. Shi ya sa ƙwararru suke ba da shawara kada layin musamman ya wuce kashi ɗaya cikin uku na hanya. Murya ake fifitawa, ba muƙami ba. Kiran majiyyaci daga gidan likita na ƙauye zuwa lokotoro a Tawa ko Damagaram yana gaban bidiyon kowane babba.

Kada kuma mu yi wa tsarin nan yabon da ya wuce shi. Ikonsa yana ƙarewa bakin ƙofar ma'aikata. Da ƙunshi ya shiga babbar hanyar intanet, kamfanonin da ke tsakani suna iya share hatimin ko su ƙyale shi, sai fa in an rubuta sharaɗin cikin yarjejeniya. Ba ya kuma rage nisa. Tauraron ɗan Adam mai tsayawa wuri guda yana kusan kilomita 36.000 bisa kanmu, hawa da saukar murya kaɗai suna cin wajen milisakan 250, ba wani gyara da zai taɓa wannan. Hanyar da ta yi ƙaranci ƙwarai, ita dole a faɗaɗa ta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu, daga Yamai har Maraɗi da sauran jihohi. Kuɗin da ake sayen intanet da su kuɗin lanho ne, gumin talakawa. Kafin shugaba ya sa hannu bisa takardar ƙarin hanya, ya kira mai kula da na'urori ya tambaye shi ko an kunna tsarin fifiko, da kuma wa aka ba shi. In ma'aikata tana da rassa cikin jihohi, a rubuta cikin yarjejeniya cewa kamfani zai girmama hatimin murya daga reshe zuwa reshe. Gwajin kuwa ba ya bukatar takardar babbar makaranta. A sa mutum ɗaya ya aika babban hoto, wani ya buga tarho a lokacin, a saurara. Sa'an nan a kunna gyaran, a sake aika hoton nan, a sake buga tarho ga mutumin nan na farko.