Lasin Tuƙi Mataki-Mataki

A dā, ran da saurayi ya ci jarrabawar tuƙi, ran nan a ke sakar masa hanya duka, dare da rana, ko shi kaɗai ko da mota cike da abokai. In ya yi hatsari sai a ce gangancin ƙuruciya ne, a ƙara masa faɗa.

A farkon shekarun 1970, wata mai bincike a Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka, Patricia Waller, ta bi takardun hatsarin mota na jiharsu. Ta tarar hatsarin samari ya fi yawa da tsakar dare, da kuma sa'ad da tsararsu su ke cikin motar. Sai ta ba da shawara a riƙa ba sabon direba 'yanci kaɗan-kaɗan.

Shawarar ta daɗe a takarda. Ƙasar Niyu Zilan ce ta fara ɗaukarta a 1987, ta raba lasin kashi uku. Mai lasin tsakiya ba ya tuƙi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, ba ya kuma ɗaukar abokai, sai da ƙwararren direba a gefensa. Lardin Ontariyo na Kanada ya bi sawu a 1994, jihar Fulorida kuma a 1996.

A shekara ta 2000 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa direba ɗan shekara 16 ko 17, in ya ɗauki mutum uku ko fiye, hatsarin mutuwarsa ya kan kai wajen ninki uku. Ga masu shekara 30 zuwa 59 kuwa, ɗaukar mutane bai ƙara kome ba. Wannan bai ba mu mamaki ba, gama mun san yadda yaro mai natsuwa ya ke sākewa da zarar abokansa sun zuba masa ido.

Wanda ya sosa mu, mu malamai, shi ne gwajin gundumar DeKalb a jihar Jojiya ta Amurka, wanda aka soma a ƙarshen shekarun 1970. Aka raba 'yan makaranta wajen 16,000, aka koya wa waɗansu tuƙi a makaranta, aka bar waɗansu. Da mu aka tambaya, da mun ce darasi zai raba gardama. Ashe ɗan bambancin da aka gani bai daɗe ba. Waɗanda aka koya wa ma sun riga sauran karɓar lasin, suka riga su hawa titi.